Zanzana a Kan Mariƙi

Sau uku Malam Muhaimin yana shafa wa mariƙin sandar nan rezin, sau uku yana fito masa da zanzana.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, abin bai kai a ɗaga kai a duba ba. Mariƙi ne baƙi, bai wuce taƙi biyu ba, a gindin sandar fatsa irin wadda Turawa ke kama giwan ruwa da ita a kogin Faro. Cikinsa soso ne mai tauri, an zura masa safa ta zaren karbon, an jiƙe ta da rezin, wani ruwa mai danƙo kamar ƙaro, har ta daskare. Abin da ya rage shi ne shafin ƙarshe, wanda ake so ya kwanta sumul kamar gilashi, har a riƙa hango saƙar zaren a ƙarƙashinsa. Shekara ashirin da shida Malam Muhaimin yana wannan shafi a wani ɗan shago da ke bayan layin mahauta a Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma da can ko da hira a bakinsa yake yi. Yanzu kuwa da zarar ya ɗaga burushi sai rezin ɗin ya fara ja da baya nan da can, yana buɗe 'yan ramuka zagayayyu kamar ƙwayar gero, sai ka ce ƙyamar mariƙin yake yi.

Sandar ta Madam Josiane ce, mai kampaman, wato masaukin baƙi masu fatsa, a bakin Faro. A da kampaman uku ke kawo masa aiki, har da wani na wajen Lagdo. Aka yi shekarun nan da baƙi suka ɗauke ƙafa daga arewa don tsoron masu satar mutane, biyu suka rufe, nata ya rage yana numfashi sama-sama. Bana kuma baƙi biyu suka yi mata ƙorafi, wai mariƙin sandunansu ya yi kaushi yana ɓamɓarewa. Da aka rufe kakar fatsa cikin Afrilu, sai ta zo da kanta ta ajiye sanda ɗaya a kan teburinsa. Matar ta tsufa a Garwa, amma ba ta koyi zagaye-zagayen mutanen Garwa ba.

Ta ce, "Metir, ga guda ɗaya. Nan da mako biyu, ranar Asabar, zan dawo. In ta fito kamar yadda ka saba, zan kawo maka sauran goma sha huɗun, mu sa hannu a takarda ta shekara uku. In ba ta fito ba, Duwala zan aika su. Akwai wanda ke liƙa musu mariƙi ɗan kanti."

Malam Muhaimin ya ce to, domin babu wata amsa da ta rage a shagon.

Mijinta marigayi, wanda ake ce wa Mushe Didier irin kiran Faransawa, shi ya koya masa aikin. Lokacin Muhaimin saurayi ne mai gyaran agogo a bakin kasuwa, jikan fataken Kano, wanda ya gaji sunan gidan bai gaji wayon ciniki ba. Baturen ya kawo agogo, ya tsaya yana kallon yatsun yaron a kan 'yan ƙananan kusoshi, washegari ya aiko masa da mota. Wannan labari Malam Muhaimin ya ba da shi ya fi sau ɗari. Cikin dukan mutanen Garwa, da masu boko da masu dukiya, shi aka zaɓa. A kan wannan labarin ya yi aure, a kansa ya yi ɗaki biyu da zaure, a kansa ake ce masa Metir, wato gwani da Faransanci.

Da farko zafi ya zarga. Afrilun Garwa ba wata ba ne, hukunci ne, kuma rezin yakan fara kauri tun yana cikin kofi in rana ta ɗaga. Sai ya mai da aikin bayan sallar asuba, ya kuma binne kwalaben rezin ɗin biyu cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Zanzana ta fito. Ya zargi awo, domin ruwan kwalbar fari da na ta biyu dole su zo daidai, ɗigo bai fi ɗigo ba. Ya sayo sabbin sirinji a farmasi, ya auna a bakin ƙofa inda haske ya fi, ya dama a hankali yana ƙirga ɗari uku. Zanzana ta fito. Ya jefar da kofin roba ya ɗauko na shayi, ya sake tsumma, ya goge mariƙin da alkol, ruwan nan na goge fata kafin allura, har sau biyu. Ta fito, har ta fi ta baya yawa.

Kowace faɗuwa kuma da abin da take ci. Sai ya jira kwana biyu shafin ya bushe, sannan ya kankare shi da sanfefa, kuma kowace kankara tana matsar da shi kusa da zaren karbon. In sanfefa ta ci zaren, mariƙin ya mutu. Rezin ɗin ma yana ƙasa-ƙasa a kwalba, ga shi ba a sayar da irinsa ko a Ngawundere.

Ranar faɗuwa ta uku yana zaune ya zuba wa mariƙin ido, sai ga Alhaji Ridwan ya leƙo. Ridwan mahauci ne, maƙwabcinsa, mai gashin tsire a kan rabin duro taku goma daga ƙofar shagon. Tun suna yara suke zagin juna, kuma ba su taɓa yin faɗa ba.

"Likitan sanduna, yau ma majinyacin bai tashi ba?"

"Sarkin ƙudaje, koma wajen talakawanka, suna cigiyarka."

Ridwan ya shigo ba a ce ya shigo ba, ya sunkuya a kan mariƙin.

"Kada ka taɓa!"

"Wa zai taɓa wannan? Fuskar kakata ke nan sak, Allah ya jiƙanta." Ya ƙara sunkuyawa, ya karkata kai. "Maiƙo ne."

"Me ka ce?"

"Maiƙo. Ni ban san karbon ba, ban san uban karbon ba. Amma shekara arba'in ina wanke katakon fawa. In ka watsa ruwa a katako ka ga yana gudu yana barin ido-ido haka, akwai kitse a wurin. Ko jaki ya san wannan, balle Metir."

Malam Muhaimin ya san haka. Shi ne darasin farko da Didier ya koya masa, kuma shi ne abin da ya ƙi tunawa, don ya riga ya goge mariƙin da alkol, a ganinsa kuwa abin da ya goge ya gogu. Ya ɗaga kai ya dubi hayaƙin tsiren da iska ke turowa ta ƙofa, shuɗi-shuɗi, mai ƙanshin kitsen rago. Wani daɗi ya kama shi, irin daɗin mutumin da ya gano laifin na wani ne.

"To ai ga mai kitsen nan a tsaye a kaina."

"Ni? Shekara nawa ina gashi a nan?"

"Da nama kake gasawa. Yanzu tsufa ya sa ka koma kitse da jijiya."

Ridwan ya yi dariya har hularsa ta zame. "Na ji. Zan ja duron can gindin dalbejiya, kwana biyu. Amma in bai gyaru ba, za ka tsaya a bakin titi ka ce Ridwan mahauci ya fi ka ilimi. Da Hausa, da Fillanci, da Faransanci."

Ya ja duron, masu sayen tsire suka bi shi suna gunaguni. Malam Muhaimin ya kankare mariƙin, ya wanke tebur da bango, ya rataya jiƙaƙƙen zane a ƙofa. Ranar Lahadi da asuba ya yi shafi na huɗu, ya ɗaura sandar a kan injin juyawa, wani tsohon injin gasa kaji da Didier ya gyara don kada rezin ya taru a gefe ɗaya. Minti biyar shafin yana kwance lafiya. A na shida rami na farko ya buɗe kusa da gindi, a natse, sauran suka biyo.

Da hantsi Ridwan ya dawo karɓar haƙƙinsa. Ya ga fuskar abokinsa, sai ya haɗiye abin da ya shirya faɗa, ya miƙa hannu kawai. Malam Muhaimin ya ba shi nasa. Ridwan ya riƙe hannun ya daɗe bai saki ba. Da ya saki sai ya murza babban yatsansa da manuni, ya kai hanci.

"Man kaɗanya," in ji shi.

Su biyun suka dubi hannuwan.

Damina biyu ke nan da hannuwan suka fara ciwo. Ƙaiƙayi ne da farko a tsakanin yatsu, sai ƙuraje masu ruwa, sai fata ta bushe ta tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Matarsa Karimatu ta ce sanyi ne, daga baya ta ce hannu aka sa masa, daga baya ta daina cewa komai ta nemo man kaɗanya mai kyau wajen wata 'yar Fulani. Kullum in ya dawo daga masallaci da asuba, kafin ya fita shago, sai ta zaunar da shi a tabarma, ta narkar da man a tafinta, ta bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. In ba ta yi ba, yatsun ba sa lanƙwasuwa. Yakan wanke hannu da sabulu in ya isa shago, amma man da ya shiga tsagar fata ba ya fita da wanki ɗaya, kuma da zafi ya taso sai ya tsattsafo tare da gumi. Yana kan burushi, yana kan tsumma, yana kan sanfefa. Yana kan mariƙin da ya goge da alkol, sannan ya ɗauka da hannunsa ya ɗora a inji.

Akwai wani abu kuma da ya lura da shi tuntuni, bai so ya lura ba. Duk lokacin da aiki ya yanke, hannuwan sukan yi sauƙi. Duk lokacin da ya buɗe kwalaben, sai ciwon ya dawo.

Ridwan ya ce, "Ba sai ka yi shelar nan ba. Na yafe." Ya fita. Tunda suke, wannan ce maganarsa mafi zafi.

Washegari da asuba Karimatu ta shimfiɗa tabarma, ta buɗe gwangwanin man.

"Kawo hannun, Malam."

"Yau bar shi."

"Ya warke ne cikin dare?"

"Na ce bar shi."

Ta dube shi. Shekara ashirin da biyar tana karanta fuskar nan, ba ta bukatar a yi mata fassara. Duk da haka ta jira sai da ya faɗa da bakinsa, ya yi mata bayanin maiƙo da rezin da ramuka, yana kallon katanga.

"Wato ni ce na ɓata maka aiki."

"Ban ce ke ba. Man ne."

"Man da ƙafarsa ya je shagon?" Ta rufe gwangwanin. "To yanzu hannun da Allah ya ba ka za ka bari ya dare, don sandar Nasara ta yi ƙyalli."

"Kwana uku ne kawai. Ranar Alhamis in yi shafin, shi ke nan."

"Shi ke nan? Da goma sha huɗun da ke biye fa, da ƙafa za ka yi su?"

Ya mai da idonsa kan katanga, ita kuwa ta ci gaba.

"Kifin ma da suke kamawa ba ci suke yi ba. Kai ka faɗa mini. Su wahalar da shi, su ɗaga shi a yi hoto, su mai da shi ruwa da rami a baki. Daga kai har kifin ban san wanda ya fi ba ni tausayi ba."

"Karimatu, in aka kai sandunan nan Duwala, ni mene ne a garin nan?"

Tana da amsa, amma ta san ba irin wadda zai iya ɗauka ba ce. Ta tashi ta ɗora koko.

Kwana ukun nan Malam Muhaimin ya yi su kamar mai takaba. Ya jefar da burusai da tsummoki, ya sayo sababbi, ya ce mai kanti ya zuba su a leda da kansa. Ya wanke mariƙin ƙofa, da makunnin wuta, da murfin kwalabe. Ya gwada safar hannu ta farmasi, ta farko ta yage a kan kumburin yatsunsa, ta biyu ta cika da gumi cikin minti goma har gishirin ya shiga tsaga ya sa shi zama a ƙasa. Ya cire. Safe da yamma yana wanke hannuwan da sabulun wanki, sannan ya zuba musu alkol, yana cije gefen rigarsa don kada mahauta su ji.

A masallaci ya daina ba da hannu, domin rabin mutanen sahu da turare mai maiƙo suke zuwa, sauran rabin kuma mahauta ne. In an miƙo masa sai ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. Kafin Laraba magana ta zaga unguwa. Wasu suka ce aikin Turawa ya sa masa girman kai, wasu suka ce wata sabuwar aƙida ya shiga. Wani dattijo da suka yi makarantar allo tare ya bi shi har bakin titi yana tambaya ko ya yi masa wani laifi ne. Malam Muhaimin ya ce babu, ya wuce da hannuwansa cikin riga.

Ranar Alhamis ya kankare mariƙin karo na ƙarshe. A wuri ɗaya kusa da gindi ya ga saƙar ta fara yin fari-fari, alamar saura ƙiris sanfefa ta ci zare. Ya tsaya. Ya karkata kwalaben biyu ya zuƙe abin da ya rage, ya zo daidai shafi ɗaya, babu na gyara. Yatsunsa ba sa riƙe burushi, sai ya soka shi tsakanin manuni da na tsakiya ya ɗaure da zare. Ya yi bisimilla ya shafa, daga gindi zuwa sama, hannu ɗaya, bai koma ba.

Injin ya yi juyi kamar ashirin aka ɗauke wuta.

Bai ko yi tsaki ba. Ya zauna a kan benci ya kama sandar can sama, nesa da shafin, ya shiga juya ta da tafin hannu, rubu'in juyi, ya ƙirga talatin, wani rubu'in. Haka ake yi kafin a sami inji, kuma sai an yi awa huɗu kafin rezin ya tsaya da kansa. Rana ta hau kwanon rufi. Warin rezin ya cika shagon, tunda ya rufe ƙofa don ƙura da ƙudaje. Fatar idanunsa ta fara ƙaiƙayi, ta yi nauyi, ta kumbura, har ya koma kallon aikin ta 'yar tsaga. Tsagar tafinsa ta buɗe, ya riƙa goge jinin a gwiwar wandonsa tsakanin juyi da juyi. Minti na shida ya wuce. Awa ta wuce. Yana jiran rami na farko kamar yadda ake jiran mummunan labari daga asibiti, ramin bai zo ba.

Da aka kira azahar ya saki sandar, ya buɗe ƙofa. Mariƙin yana kwance baƙi wuluk, yana sheƙi, saƙar karbon tana bayyana a ƙarƙashi layi bisa layi, babu rami, babu kumfa, babu ko gashin burushi. Tunda yake bai taɓa yin wanda ya kai shi ba. Ya tsaya yana neman farin ciki a cikin ransa, ya tarar da gajiya kawai.

Ranar Asabar da hantsi farar motar kampaman ta tsaya a bakin layi. Malam Muhaimin ya sa babbar riga da baƙin tabarau, ya tura hannuwansa cikin riga. Bai ji tsoron gaisuwa ba, domin Madam Josiane ta san dattawan Garwa ba sa musabaha da mata. Ta gaishe shi da Fillanci.

"Jam na, Metir? Me ya sami idonka?"

"Jam, Madam. Apolo ne, yana yawo a gari."

Ta ɗauki sandar ta fita da ita rana. Ta juya mariƙin, ta bi shi da farce, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi. Ta daɗe. Da ta dawo ciki muryarta ta sauya.

"Ko Didier bai taɓa yin irin wannan ba. Na yi zaton ka ƙare, Metir, ka yafe mini." Ta leƙa waje ta yi wa direbanta magana, ya shiga sauke sanduna yana jingina su a bango, ɗaya, biyu, har goma sha huɗu. Ta ciro takarda daga jaka ta shimfiɗa a tebur, ta ɗora biro a kai. "Nan, da nan."

Malam Muhaimin ya dubi biron. Duk shirin da ya yi na kwana biyu, bai tuna da biro ba.

Ya fito da hannun dama. Ya kumbura kamar an hura shi, fatar ta yi ja ta yi baƙi, tsagogin suna tsattsafar da ruwa. Ya kai shi kan biron, yatsun suka taɓa shi, suka ƙi haɗuwa. Ya sake gwadawa, biron ya gangara ya faɗi ƙasa.

Madam Josiane ba ta yi ihu ba, ba ta ja da baya ba, kuma wannan ne ya fara ba shi tsoro. Kallon hannun take yi kamar ta gamu da wani da ta sani a tasha.

"Tun yaushe?"

"Damina biyu. Zai wuce."

"Ba zai wuce ba." Ta zauna a kan benci. "Cire tabarau ɗin." Ya cire. Ta gyaɗa kai. "Rezin ne. Jiki yakan jure shi shekara da shekaru, rana ɗaya ya ce ya isa. In ya faɗa kuma ba ya janyewa. Daga baya ko warinsa ka shaƙa sai ka kumbura. Haka likita ya gaya wa Didier a Faransa."

"Mushe Didier?"

"Hannuwansa sun fi naka muni. Har kwana ya riƙa yi da su cikin ruwan sanyi. Likita ya ce kada ya ƙara taɓa kwalaben nan har ya mutu. Shi ya sa da muka dawo ya shiga gari yana neman mai yatsu masu kyau." Ta tsaya, ta dube shi. "Na ɗauka ya gaya maka."

Malam Muhaimin ya ji ƙarar babura a titi, da saran wuƙar wani mahauci a kan ƙashi, da direban yana waya da Fillanci. Komai yana nan yadda yake. Shekara ashirin da shida yana ba da labarin ranar da aka zaɓe shi, bai taɓa tambayar kansa abin da ya sa Bature mai hannu biyu zai zauna a kujera yana faɗar yadda ake yi ba.

Ya ce, "Bai gaya mini ba."

"Mutumin kirki ne, Metir. Wataƙila ya ɗauka ku baƙar fata ba ya kama ku."

"Wataƙila."

Ta sunkuya ta ɗauko biron, ta juya shi a hannunta. Ba muguwar mace ba ce. Tana da kampaman da za ta buɗe a Janairu, da baƙi shida da suka riga suka yi alkawarin zuwa, kuma tana son ta taimaki tsohon nan da gaske.

"Ji nan. Ba sai an fasa ba. Ilimin yana kanka, ba a hannunka ba. Nemi wani mai hankali cikin danginka ko unguwarku, wanda ba shi da aikin yi, ai suna da yawa. Ka zauna can bakin ƙofa inda iska take, ka riƙa faɗa masa. Sunanka ne a takarda, kai ne Metir. Ka dangwala yatsa ma ya isa."

Ya yi tunanin abin, kuma ƙarya ne a ce bai yi ba. Har fuskokin samari biyu suka zo masa, ya ga wanda ya fi natsuwa a cikinsu, ya ga yadda uwarsa za ta zo godiya da kwanon abinci. Shekara ashirin ne kafin hannun yaron ya fara ciwo, wataƙila fiye. Kafin nan shi ya daɗe a kabari, ana tunawa da shi da alheri. Ya ga yadda abin yake da sauƙi, ya kuma gane cewa Didier bai sha wata wahala ba wajen yanke shawara.

"In na gaya masa gaskiya, in na nuna masa wannan," ya ɗaga hannun, "zai zauna?"

Ta dubi hannun. "Akwai safar hannu masu kyau yanzu. Zan iya sa a kawo."

"A Afrilun Garwa, Madam? A ɗaki a rufe?"

Ta mai da idonta kan takardar.

"Zai zauna," in ji Malam Muhaimin. "Ko na nuna masa zai zauna, yunwa ta fi wannan muni a ido. Shi ya sa ba zan tambaye shi ba. A kai su Duwala."

"Metir, ka yi tunani zuwa gobe."

"In na kai gobe zan yarda. A kai su yau."

Ta dube shi, ta ninke takardar ta mai da jaka. Direban, wanda bai gama share gumin saukewa ba, ya shiga kwashe sandunan yana mayarwa mota, fuskarsa tana faɗin ra'ayinsa game da tsofaffi da Turawa baki ɗaya. Ta ƙarshe da aka ɗauka ita ce mai sabon mariƙin. Madam Josiane ta naɗe shi da gyalenta don kada ya goge da sauran, ta yi masa godiya da Fillanci, ta ce za ta aiko da wani magani. Motar ta juya da ƙyar a layin, ta tafi.

Malam Muhaimin ya zauna har inuwar bango ta janye daga bakin ƙofa. Sannan ya tashi ya jawo ƙofar da gwiwar hannu, ya saƙala kwaɗon. Kwaɗon irin wanda sai an murɗa makulli yake kulluwa ne. Ya ciro makullin da ƙyar, ya zura shi da tafukansa biyu, ya yi ƙoƙarin murɗawa. Ya gwada sau uku. Ya duba ta tsagar ƙofa, ya ga tebur, da injin gasa kaji, da kwalabe biyu da babu komai a ciki. Babu abin da ɓarawon Garwa zai san amfaninsa. Ya bar makullin a jikin kwaɗon, ya mai da hannuwansa cikin riga, ya kama hanyar gida ta gefen da babu masu gaisawa.